Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbun Gayya? Muƙami da Cancanta a Duniyar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Teburin mai cajin waya a Belel bai bambanta da na sauran garuruwan kan iyaka ba. Katako ne mai ramukan soket a jere, wayoyi na kwance a kai kamar kifi a faranti, kowace da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta, janareta na kuka a gefe ko batirin sola a ƙarƙashin benci. Wannan ya biya da naira, wancan da ya tsallako daga Kamaru ya tambaya ko ana karɓar sefa. In ka ware ƙananan wayoyin nan masu madannai, kusan duk abin da ke kan teburin, Tecno ne ko Infinix ko Itel mai shafawa, da Android yake aiki. Ita kuwa Android, zuciyarta wata manhaja ce da ake kira Linux, wadda babu kamfani ɗaya da zai bugi ƙirji ya ce shi kaɗai ya ƙera ta.

Wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya saki rubutunta a fili domin duk mai so ya karanta, ya gyara, ya ƙara. Irin wannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. A yau duk bayan mako tara ko goma ana fitar da sabon zubin Linux, kuma kowane zubi yana ɗauke da gyare-gyare fiye da 10,000 daga hannun mutum kusan 2,000 da ke warwatse a duniya. Da yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Bahaushe na jin wannan zai ce ai gayya ce. Gayyar ce kuwa, amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gonar gayya ya san cewa ba a sakin mutane haka nan kowa ya nufi inda ya ga dama. Akwai mai raba kunya, akwai mai bin baya yana duba inda aka bar ciyawa, akwai kuma wanda idan an gama girbi shi ke riƙe da makullin rumbu. Tambayar da ta fi kowace zafi a wannan duniya ita ce ta makullin nan: wa ake ba, da wane ma'auni, kuma shin matashin da ke zaune kan bencin mai caji a Belel yana da hanyar kaiwa gare shi?

Daga mai kawo ƙara zuwa mai sa hannu

Matakin farko ba ya buƙatar iya rubuta manhaja ko kaɗan. Wanda ya yi amfani da ita, ya ga ta maƙale a wani wuri, ya zauna ya bayyana dalla-dalla abin da ya latsa da abin da ya faru, ya riga ya shiga sahun masu gudummawa. Sama da shi akwai wanda zai aiko da gyaran kansa. Abin dariya, sunan da suke kiran wannan gyara shi ne dai kalmar da muka ara tuntuni muka kai wa masu gyaran taya: faci. Kowa na iya aiko da faci, amma ba kowa ke iya manna shi a jikin manhajar ba. Sai ya bi ta hannun mai dubawa, wanda zai karanta shi layi-layi, ya mayar da shi sau biyu ko sau bakwai yana cewa a sake nan, a rage can. Idan ya gamsu, sai mai kula da wannan sashe ya karɓa.

A Linux akwai wani dogon fayil mai suna MAINTAINERS, wanda ya jera kowane lungu na manhajar da sunan wanda alhakinsa ke wuyansa: mai kula da sauti, mai kula da hanyoyin sadarwa, mai kula da wata 'yar na'ura da watakila mutum dubu kaɗai ke amfani da ita. Ƙananan masu kula suna miƙa wa manya, manya su miƙa wa Torvalds cikin mako biyun da ake buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa. Greg Kroah-Hartman kuma shi ke riƙe da zubin da aka riga aka fitar, yana bin su da gyara.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne layin sa hannu. Tun 2004, bayan da kamfanin SCO ya tayar da shari'a yana zargin an cusa kayansa cikin Linux, aka wajabta cewa kowane faci ya zo da sunan wanda ya rubuta shi, tare da shaidarsa cewa yana da ikon bayar da shi. Duk wanda facin ya ratsa ta hannunsa sai ya ƙara nasa sunan a ƙasa. Har wanda ya fara gano matsalar, da wanda ya gwada gyaran, da wanda ya duba shi, kowa da layinsa. Wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi, inda tireloli ke lodi zuwa Kudu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Baƙo ba ya shigowa da sa ya sayar kai tsaye, sai ta hannun dillalin da ya san shi. Ran da aka ce san nan na sata ne, ba a neman baƙon a daji, dillalin ake kamawa. La'adar da yake karɓa kuɗin sunansa ne da ya jingina. Haka mai kula da sashe yake: in abin da ya sa wa hannu ya rushe wayoyin mutane, shi za a tasa a gaba, ko da wanda ya rubuta facin ya daɗe da ɓacewa.

Wasu ayyukan sun fi Linux tsara muƙamansu a rubuce. Apache, wadda mutum takwas suka fara a 1995 suna musayar faci don gyara manhajar da ke ɗauke da shafukan intanet, ta zama gidauniya a 1999, kuma ita ta fi kowa kiran kanta mulkin cancanta. A can ba a neman muƙami, gayyatar mutum ake yi. Idan kwamitin da ke tafiyar da wani aiki ya ga hannunka ya daɗe yana faɗawa daidai, sai su kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu su ba ka ikon manna faci da kanka. In ka ƙara daɗewa ka shiga kwamitin. Ƙuri'arsu uku ce: +1, 0 da -1. Mai ƙuri'a ɗaya tak zai iya tsayar da wani gyara da -1, amma dole ya kawo hujja ta fasaha, in ba haka ba ƙin nasa bai hau ba. Sabon zubi ba ya fita sai aƙalla mutum uku na kwamiti sun amince, kuma akan bar ƙuri'a a buɗe awa 72 domin wanda dare ya yi masa a wata nahiya kada a yanke hukunci yana barci. Muƙamin na mutum ne, ba na kamfanin da ke biyansa ba. In ya sauya wurin aiki, da rawaninsa yake tafiya.

Debian, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da aka gina kan Linux, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta wuce nan: tana da kundin tsarin mulki, kuma cikakkun membobinta suna zaɓen shugaba duk shekara.

Inda ɗan Belel ya fi kowa sani

Adadin 'yan Najeriya masu rajista a GitHub, inda aka fi ajiye irin waɗannan ayyuka, ya haura miliyan 1 a 2024. Segun Adebayo ya ƙirƙiro Chakra UI, wadda masu gina shafuka ke amfani da ita a ƙasashe da dama. Samson Goddy da Ada Nduka Oyom sun kafa Open Source Community Africa a 2018, suka yi babban taronsu na farko a Legas a 2020. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nauyin wannan harka a Kudu yake. A Mubi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, dukkansu suna koyar da ilimin kwamfuta, sai dai ƙofar da ta fi kusa da ɗalibinsu ba lallai ta zama ta rubuta zuciyar Linux ba. Akwai ayyukan da abin da suke nema ba ya hannun injiniyan Amurka, yana bakin mutumin Belel da ƙwaƙwalwarsa.

Ɗauki taswira. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, taswirar duniya ce da kowa ke iya zanawa. Lokacin yaƙi da shan inna, ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban sansani a Kano ta yi aikin sa ƙauyukan Arewa a taswira, saboda mai rigakafi ba zai kai ga rugar da babu ita a takardarsa ba. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a Borno. A ayyukan jinƙai na wannan taswira, ana yanka yanki gida-gida kamar dara, mai zane ya ɗauki gida ɗaya ya bi hoton tauraron ɗan'adam yana zagaye gine-gine da hanyoyi, sannan mai tantancewa ya zo ya duba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce wanda ya adana aiki sau 250 ya bar sahun sabon shiga, wanda ya kai 500 ya zama ƙwararre.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ɗalibi a Jamus zai iya kai 500 cikin 'yan makonni, da wuta da intanet da ba sa yankewa. Amma daga sama, rumbu da ɗakin kwana duk da'ira ce mai jinka. Bai san wace hanya ce ke mutuwa da damina ba, bai san rafin da ake ratsawa da ƙafa a watan Maris ya zama sai da kwalekwale a Agusta ba, ballantana sunan unguwa. Yankin Belel ya sha rubutun baƙi: ya zauna ƙarƙashin Jamusawa, sannan Ingila ta riƙe shi amana, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Najeriya, kuma kowane mai mulki da yadda ya rubuta sunayen garuruwa. Ɗan acaɓan da ke bin hanyar Belel zuwa Maiha kullum zai gyara sunaye goma a zama ɗaya, kowane ya fi zanen gini ɗari amfani. A ma'aunin ƙidaya, shi ne sabon shiga, Bajamushen ne ƙwararre.

Haka abin yake a Common Voice, rumbun muryoyin da Mozilla ta buɗe a 2017 domin koya wa na'ura jin magana, wanda Hausa na cikin harsunansa. Babban aikin kashi biyu ne. Ko dai ka latsa ka karanta jimlar da ta fito a fuskar waya, biyar-biyar ake ba ka, ko kuma ka saurari abin da wani ya karanta ka ce ya yi ko bai yi ba. Murya ba ta shiga sahun ingantattu sai mutum biyu sun amince da ita. In biyu suka ƙi, an ajiye ta gefe. Akwai allon da ke jera waɗanda suka fi yawan karatu da waɗanda suka fi yawan saurare.

Mu ɗauka wata ɗaliba ce a Belel, wadda Fulatanci ko Nzanyi ne harshen gidansu, ta sayi data ta zauna bayan Isha'i, ta jira janaretan maƙwabta ya mutu, ta karanta jimla hamsin. Hausarta ta Adamawa ce. Ƙ ɗinta ta fi kusa da k, karin sautinta ba na cikin Badala ba ne. Masu sauraren kuwa, mafi yawa daga inda masu Hausa a intanet suka fi yawa za su fito, wato Kano da Kaduna da Zariya. Ƙa'idar aikin ta ce kada a yi saurin jefar da murya saboda bambancin lafazi, domin ana son na'urar ta ji kowa. Amma ƙa'ida daban, kunne daban. Idan masu dubawa biyu suka ga kamar ba ta iya ba, na'urar da za a gina gobe za ta ji Bakano, ta kurmance wa miliyoyin da Hausa ce harshen kasuwarsu. A nan muƙamin mai saurare, wanda ba wanda ke yi wa kallon muƙami, shi ke yanke wace Hausa ce Hausa.

Dami dubu

Ƙidaya ba baƙuwarmu ba ce. A ƙasar Katsina da Maraɗi, manomin da ya tara dami dubu shi ke yin bikin dubu a naɗa shi Sarkin Noma. Sai dai dami abu ne da ake ɗagawa a ji nauyinsa, kuma duk gari ya ga gonar tun tana shuka. Ba ka iya ɗaure kara ka ce gero ne. A intanet kuwa ana iyawa.

A watan Oktoban 2020 aka ga misalinsa ƙarara. Kamfanin DigitalOcean yana da wani shiri na shekara-shekara, Hacktoberfest, inda a wancan lokacin duk wanda ya aika gyara huɗu ga buɗaɗɗun ayyuka ake ba shi riga. A waccan shekarar sai mutane suka yi ta kwararo gyaran banza, wannan ya ƙara aya, wancan ya sauya kalma ɗaya a bayanin aiki, duk don riga. Masu kula da ayyuka suka wayi gari suna share shara maimakon aiki, har sai da aka sauya dokar shirin cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya fi wannan ciwo, kuma ya fi kusa da mu, shi ne abin da ya sami Wikipedia ta harshen Sikots, ɗan'uwan Ingilishi da ake yi a Sikotlan. A watan Agustan 2020 aka gano cewa maƙaloli fiye da 20,000 a cikinta wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su, wanda ya fara tun yana ɗan shekara 12, kuma bai iya harshen ba. Ingilishi yake ɗauka ya sauya wa kalmomi kama. Ba da mugunta ya yi ba, shi a ganinsa taimako yake yi. Yawan aikinsa ya kai shi har muƙamin mai gudanarwa, domin a ƙaramin gida wanda ya fi zirga-zirga shi ake ɗauka mai gida. Shekara bakwai ana wannan, babu mai harshen da ya tsaya ya duba da kyau.

Duk mai karanta Wikipedia ta Hausa ko ta Fulfulde ya kamata wannan labari ya hana shi barci. A can ma akwai tsani: sabon asusu, wanda ya kwana biyu aka sake masa mara, mai gudanarwa da ke iya goge shafi ko toshe mai ɓarna, da wakilan duniya da ke ba ƙananan harsuna muƙamin gudanarwa na 'yan watanni in jama'arsu ba ta kai ta tsayar da nata ba. Matasanmu sun yi aikin a yaba, sun ɗaga Hausa daga 'yan maƙaloli zuwa dubbai masu yawa. Amma duk inda aka sa gasa aka ce kyauta ta mai yawan maƙala ce, an buɗe wa fassarar inji ƙofa. Kowa ya taɓa cin karo da irin jimlar nan da kalmominta duk Hausa ne amma ba Bahaushen da zai furta ta. Wanda ya zauna awa biyu yana warware maƙala ɗaya irin wannan, a allon ƙidaya gyara ɗaya ya yi. Wanda ya zubo ta cikin minti uku ya sami maki cikakke. A tsangaya ba a zama alaramma ko gwani da yawan allunan da aka wanke. Sai an zauna gaban waɗanda suka fi ka sun bi rubutunka harafi-harafi.

Akwai waɗanda suka nemi wata hanyar raba yabo. Masakhane, gungun masu binciken harsunan Afirka da aka kafa a 2019, sun fitar da wata takarda a 2020 mai marubuta fiye da 40, ciki har da waɗanda gudummawarsu ta harshe ce ba ta lissafi ba. A gurbin sunan marubuci na farko, inda aka saba kokawa, sai suka sa alamar lissafi ∀, mai nufin kowa da kowa. Daga irin wannan ruhi ne su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti a 2022, saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan, waɗanda mutane suka zauna suka tantance ɗaya bayan ɗaya ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki, aka kuma sake su kyauta ga duk mai so.

Filin tseren ba shimfiɗaɗɗe ba ne

Kalmar da Turawa ke fassara mulkin cancanta da ita, wani masanin zamantakewa ɗan Ingila, Michael Young, shi ya yaɗa ta a wani littafinsa na 1958, kuma da gatse ya yi. Gargaɗi yake yi kan al'ummar da waɗanda suka haye za su ɗauka iyawarsu ce kaɗai ta kai su. Masu manhaja suka ɗauki kalmar suka bar gatsen.

Cancantar da ake aunawa a nan, da lokacin da mutum ya ba da kyauta ake saye ta. Mafi yawan masu rubuta Linux a yau albashi suke karɓa daga irin su Intel da Google da Red Hat don su yi wannan aikin. Ɗan Belel kuwa daga aljihunsa zai sayi data, ya biya caji, ya nemi inda sabis ke kamawa, bayan ya dawo daga gona. Wanda yake aji a Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta shiga garin aka watse, ya san cewa akwai watannin da ba a rubuta su a tarihin gudummawar kowa. Debian ta daɗe tana sharɗanta cewa mai son zama cikakken memba sai wasu membobi sun shaida makullinsa na sa hannu a kwamfuta, abin da a da yake nufin haɗuwa ido da ido da katin shaida a hannu. Ga mazaunin Balin wannan shan shayin yamma ne. Ga mazaunin Maiha tafiya ce ta jirgi.

Ko idon mai dubawa ma ba tsarkakakke ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gyare-gyare kusan miliyan 3 a GitHub ya gano cewa a dunƙule an fi karɓar na mata fiye da na maza, amma idan mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane mace ce, sai karɓar ta ragu. Shi kansa Torvalds, wanda ya yi suna wajen yi wa masu kuskure wankin babban bargo a bainar jama'a, ya nemi afuwa a Satumban 2018, ya ja gefe na ɗan lokaci, aka shigo da dokar ladabi. A Oktoban 2024 kuma aka cire sunayen wasu 'yan Rasha daga fayil ɗin masu kula saboda takunkumi, ba don facinsu ya lalace ba. Shirye-shirye irin su Outreachy, da ke biyan dala 7,000 don horon wata uku daga gida, ƙoƙari ne na cike wannan rami, kuma 'yan Najeriya da dama sun shiga ta nan.

Rabin daƙiƙa

Duk da haka, wanda zai ce a zubar da tsanin a raba makulli ga kowa bai ji labarin xz ba.

Wata 'yar manhaja ce ta matse fayil, wadda kusan kowace babbar kwamfuta mai Linux ke ɗauke da ita ba tare da mai ita ya ma san sunanta ba. Shekaru da yawa mutum ɗaya ke kula da ita, Lasse Collin, ba tare da ana biyansa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014, sai duniya ta farga cewa OpenSSL, wadda ke tsare sirrin bankuna da shafuka marasa adadi, gudummawar da take samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Torvalds ma ya koka a 2020 cewa masu rubutu suna da yawa, masu kula ne ke wuyar samu.

A 2021 wani asusu mai suna Jia Tan ya fara aiko wa xz da faci. Faci masu kyau, masu amfani, cikin ladabi. Ya yi haƙuri, ya amsa tambayoyi, ya ɗauki ƙananan ayyukan da ba mai so. A 2022 sai wasu asusun suka bayyana suna matsa wa Collin lamba, suna cewa aikin ya tsaya, in ba zai iya ba ya ba wani. Collin ya amsa cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, kuma aikin nan na sa-kai ne. Ga gajiyayyen mutum, ga masu zagi a ƙofa, ga kuma wani haziƙi mai biyayya a gefe. A hankali Jia Tan ya sami ikon manna faci, daga baya har shi ke fitar da sabon zubi. Ya hau kowane mataki yadda littafi ya ce a hau. In da allon cancanta za a duba, babu abin da za a kama shi da shi.

A watan Fabrairun 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0, a Maris ya bi shi da 5.6.1. A cikinsu ya binne ɓarauniyar hanya, a ɓoye cikin fayilolin gwaji da ba wanda ke karantawa, wadda za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga kwamfutoci daga nesa. Da ta kai ga zubin da kamfanoni da gwamnatoci ke ɗorawa, da miliyoyin na'urori sun zama gida mai ƙofar baya a buɗe. Ta riga ta shiga zubin gwaji na Debian da takwararta Fedora.

Wanda ya kama ta ba mai kula da xz ba ne, ba kuma ma'aikacin tsaro ba. Andres Freund ne, injiniya Bajamushe a Microsoft da ke aiki kan wata manhajar daban, PostgreSQL. Yana gwaje-gwajensa sai ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, yana kuma ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Mutum dubu za su ga wannan su ce sabis ne. Shi ya bi sawu har ya tono ramin, ya sanar da duniya ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024. A tsanin xz ba shi da ko matakin farko. Jia Tan kuwa, wanda ya shekara biyu da ɗoriya yana tara cancanta, tun ranar bai sake cewa uffan ba, kuma har yau ba a bayyana ko mutum ɗaya ne ko gungu ba.